Wasan harbin kaboyi a Amurka: me ake yi a filin, kuma me suke ta musu a kai?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Ina karatu a Arizona. Wani dattijo Bature maƙwabcina ya ɗauke ni ran Asabar zuwa wani filin harbi. Na tarar da tsofaffi maza da mata sanye da kayan kaboyi irin na fim, suna harbin farantan ƙarfe da bindigogin da. Da aka tashi kuma suka zauna suna ta musu a kan bindigogi da tarihi da waƙoƙi, ko rabi ban tsinta ba. Wannan wane irin abu ne, kuma akwai matsala idan na koma?"

Ɗan'uwa, na gane abin da ya sa ka haɗa da tambayar ko akwai matsala. Wanda ya taso yana jin abin da bindiga ta yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina ba zai ga mutane suna dariya da ita a ƙugu ba gabansa bai faɗi ba. Abin da ka gani dai ba horon mayaƙa ba ne, ba kuma ƙungiyar asiri ba ce. Gasa ce mai dokoki a rubuce, da alƙalai da agogo. Na daɗe a cikinta, ina harbi, wani lokacin kuma ni ake ba agogon in riƙe.

A kudancin Kalifoniya ta fara, a farkon shekarun 1980. Wani mai suna Harper Creigh da abokansa, waɗanda dama suna gasar harbi da bindigogin zamani, suka ce bari su gwada da irin waɗanda suke gani a finafinan kaboyi. An yi babban taronsu na farko, wanda ake kira End of Trail, a 1982. A 1987 suka kafa ƙungiyar da ake kira SASS a taƙaice, kuma dokokinta yawancin filaye ke bi har yau, har a Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashen Turai. Yanzu ana yin End of Trail a filin Ben Avery da ke arewacin Phoenix, wato kusan a ƙofar gidanka. Kowane ɗan ƙungiya yana yin rajistar laƙabi, kuma ba a yarda mutum biyu su riƙe laƙabi ɗaya ba. Za ka shekara kana harbi da mutum ba ka san sunansa na yanka ba, ba ka san likita ba ne ko direban tirela. Ba a kuma cin kuɗi a gasar. Zakara ya kan koma gida ne da kambu ko ƙarfen bel mai ado.

Kowane mai harbi yana zuwa da bindiga huɗu: libarba biyu a kube, doguwar bindiga ɗaya mai hannun da ake turawa ƙasa a dawo da shi sama, sai bindigar farauta, galibi mai baki biyu. Dukkansu sai sun zama irin na ƙarni na 19, ko na asali ko kwaikwayo. Libarbar kuma dole ta zama wadda kowane harbi sai ka ja gudumarta baya da babban yatsa kafin ka matsa kunama. A zango ɗaya yawanci harsashi goma ne a libarba biyun, goma a doguwar, huɗu ko fiye a ta farauta. An gina 'yar rumfa da katako kamar gaban banki ko mashaya ta wancan zamani, an kafa farantan ƙarfe a gabanta, na libarba kusa-kusa, wajen yadi 7 zuwa 10, na doguwar sun ɗan fi nisa. Ka fara tsayawa a teburin ɗuri, wani na kallon hannunka yana ƙirga harsashinka. Idan layi ya zo kanka sai ka shiga rumfar, ka faɗi wata gajeriyar magana da aka tsara wa zangon, mai agogo ya ce ka shirya, agogon ya yi ƙara, ka fara. Mutum uku na tsaye a gefe, ba aikinsu sai kallo da sauraro: farantin ya yi ƙara ko bai yi ba. Duk kuskure ɗaya a ƙara maka sakan 5. Idan ka saɓa jerin da aka ce a bi farantan, sakan 10. Gwanaye suna gama harbi 24 ɗin nan cikin ƙasa da sakan 20, har da sauya bindiga da canja wuri. Daga nan ka wuce teburin sauke harsashi, a leƙa kowace bindiga a tabbata babu komai a ciki, sannan ka koma wurin ɗan keken turawa da kake ajiye bindigoginka a kai.

Maganar tsaro ba a yi mata sassauci. Bakin bindiga ba ya fita daga kusurwar da suke kira digiri 170, wato kullum yana duban inda farantan suke. Ka bari bakin bindiga mai harsashi ya ratsa ta kan mutum, ko ta suɓuce maka ta faɗi, to harbinka na ranar ya ƙare, komai girman sunanka. Ba a taɓa giya sai an kulle bindigogi. Harsashin kuma na darma ne zalla, mara rigar tagulla, don ya tarwatse a jikin farantin, kada ya dawo.

Wataƙila ka lura libarbar rami shida gare ta amma biyar ake cikawa. Tarihin ƙarfen ne ya kawo haka. A tsohuwar libarbar kamfanin Colt, allurar da ke dukan gindin harsashi a jikin gudumar take. Idan aka kwantar da gudumar a kan harsashi mai rai, bindigar ta faɗi ko sirdi ya buge ta, sai ta tashi da kanta. Wyatt Earp da kansa, wanda finafinai suka mayar gwarzo, ya taɓa gamuwa da haka a Wichita a watan Janairun 1876: libarbarsa ta zame daga kube yana zaune a kujera, ta bugi ƙasa, harsashin ya huda rigarsa. Jaridar garin ta buga labarin. Shi ya sa ake koya wa sabon shiga ya sa ɗaya, ya tsallake rami ɗaya, ya sa huɗu, sannan ya ja gudumar ya kwantar da ita, sai ta sauka daidai kan ramin da ba komai. Libarbar zamani mai suna Ruger Vaquero da ta fito a 1993 tana da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke hana wannan haɗari, amma ita ma biyar ake sa mata.

To, yanzu musun da ka ji. Rabin sa a kan shekarar 1873 yake, domin a shekarar ne Colt ta fitar da libarbar da sojan Amurka ya karɓa, mai cin harsashin .45, Winchester kuma ta fitar da doguwarta mai cin .44-40. Lambar ta farko faɗin harsashin ce, ta biyu nauyin albarushin da ke ciki. Bayan 'yan shekaru Colt ta fara yin libarba mai cin .44-40 ɗin ma, don mutumin da ke kan doki ya ɗauki harsashi iri ɗaya ya ishe shi duka biyun. Idan ka ji wani tsoho yana zolayar abokinsa cewa doguwar bindigarsa ƙarya ce, ga dalili: a wancan zamani Winchester ba ta taɓa yin doguwar da ke cin .45 na Colt ba, leɓen kwanson ya yi ƙanƙanta, ƙugiyar da ke zaro shi ba ta kama shi da kyau. Masu kwaikwayo na yau ne suka yi ta. Yawancinsu kuwa Italiyawa ne. Kamfanin Uberti da ke Gardone Val Trompia, kusa da Brescia, ya fara ƙera kwaikwayon tsofaffin Colt a 1959, lokacin da Amurkawa ke shirin tunawa da cika shekara ɗari da yaƙin basasarsu. Kusan duk keken da ka leƙa a filin za ka ga ƙirar Uberti ko ta Pietta.

Za kuma ka ji ana gwama Winchester ta 1873 da ta 1892. Ta 1892, ƙirar John Moses Browning, ta fi ƙarfi da sauƙin ɗauka, kuma ita ce ake yawan gani a hannun jaruman tsofaffin finafinai, ko da labarin na shekarun 1870 ne, lokacin da ba a ma ƙera ta ba. Amma masu neman gudu ta 1873 suke so, saboda cikinta wasu gaɓoɓi ne masu naɗewa kamar gwiwa, harsashi kuma yana hawa a miƙe ya shiga a miƙe, ba ta cika sarƙewa ba. Maƙera na canja waɗannan gaɓoɓin su gajarta tafiyar hannun, sai ka ga mutum yana harbi goma kamar ana kaɗa ganga.

Nan ne ainihin rigimar take, kuma ba ta ƙarewa. Ɓangare ɗaya suna son nasara: harsashin .38 mara nauyi, albarushi ɗan kaɗan, bindigar da aka goge cikinta ta yi santsi. Ɗaya ɓangaren suna kiran irin wannan harsashi tusar ɓera. Su cika kwanso suke yi da baƙin albarushi irin na da, bindiga ta yi tsawa, wuta ta fito, hayaƙi ya turnuƙe kamar inda 'yan bindigar sarki suka yi harbi ranar hawan sallah. Bayan harbi na uku mai harbin ba ya ganin farantin, sai ya sunkuya ko ya karkata yana neman sa ta ƙarƙashin hayaƙin, masu ƙirga kuma suna tari suna kasa kunne. Su ne masu yabon .44-40, kuma suna da hujja: kwansonsa siriri ne mai ɗan wuya, idan ya tashi sai ya buɗe ya toshe ramin, toka ba ta komawa cikin bindigar. Da sun isa gida kuma ruwan zafi da sabulu ne, domin tokar baƙin albarushi tana jan danshi, ka bar ta kwana biyu tsatsa ta kama. Ni a wannan ɓangaren nake. Ban ga laifin mai son gudu ba, dokoki sun ba shi dama, an ma raba rukuni-rukuni don kowa ya kara da irinsa. Amma wanda bai taɓa harbi cikin hayaƙi ba bai san abin da mutanen wancan zamani suke gani ba, kuma ba zai gane dalilin da ya sa shaidun faɗa ɗaya suke ba da labari iri-iri ba. Waɗanda suka ga SASS ta yi sassauci da yawa ma sun kafa tasu ƙungiyar, NCOWS, a 1994, inda har maɓallin riga ake dubawa.

Tarihin shi ne wurin da nake so ka buɗe kunne sosai, domin wasan nan fim yake kwaikwayo fiye da tarihi, kuma masu ilimin cikinsu ba sa ɓoye haka. Kuben da ke rataye can ƙasa a cinya, na Hollywood ne. Ɗaukar libarba biyu kuwa ba al'adar makiyayi ba ce. Kaboyin gaske ɗan ƙwadago ne, yawanci saurayi, albashinsa wajen dala 25 zuwa 40 a wata, libarba sabuwa ɗaya takan cinye masa kusan rabin wata. Aikinsa kora shanu ne daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin Abilene da aka buɗe wa wannan ciniki a 1867, da Dodge City daga baya. Garke ɗaya ya kan kai shanu 2,000 zuwa 3,000, makiyaya wajen goma sha biyu da mai dafa abinci, ana tafiyar mil 10 zuwa 15 a wuni, wata biyu ko uku a hanya. Abin da ya fi kashe su ƙetare kogi ne, da tsawa, da faɗuwa daga doki ƙafa na maƙale a likkafa. Zamanin ma bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Waya mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta datse burtali, layin dogo ya iso Teksas, sanyin 1886 zuwa 1887 kuma ya hallaka garkuna a arewa.

Harbe-harben titi da ake nunawa fa? Wani masanin tarihi, Robert Dykstra, ya bi takardun garuruwan shanu biyar na Kansas daga 1870 zuwa 1885, ya ƙirga kisan kai 45 gaba ɗaya. Garuruwan ƙanana ne, saboda haka adadin ba ƙarami ba ne idan aka auna da yawan mutanensu, amma ba gawa ake kwashewa kowace safiya ba. Da yawansu sun hana yawo da makami a cikin gari, baƙo na shigowa zai ajiye bindigarsa. Faɗan da ya fi kowane suna, na Tombstone a nan Arizona, ranar 26 ga Oktoba 1881, ya tashi ne a kan wannan doka, lokacin da Virgil Earp, ɗan sandan garin kuma wan Wyatt Earp, da 'yan'uwansa da Doc Holliday suka je karɓe makaman su Clanton da McLaury. Bai wuce sakan 30 ba, mutum uku suka mutu. Idan ka ji tsofaffin nan suna ɗaga murya a kan wa ya fara harbi, wannan faɗan suke nufi.

Akwai abin da finafinan da suka share, wanda ni ba na gajiya da faɗa a teburin. Sana'ar kiwon shanu a kan doki, da igiyar zarge da fasalin sirdin, daga makiyayan Meziko aka koye su. Baƙaƙen fata kuma suna da yawa a cikin kaboyi, wasu masana na kiyasta sun kai ɗaya cikin huɗu a kan hanyoyin Teksas, yawancinsu bayi ne da aka 'yanta bayan 1865. Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta, ya zama mataimakin mashal na tarayya a 1875 a ƙarƙashin alƙali Isaac Parker na Fort Smith, ya yi aikin fiye da shekara talatin. Bill Pickett shi ya ƙirƙiro kayar da bijimi ta hanyar kama ƙahonsa, wasan da ake yi har yau a filayen rodiyo. Saboda haka idan ka sa malafa ka tsaya a layin, ba rigar aro ka sa ba. Inda nake ganin hirar tana da gibi shi ne batun 'yan asalin ƙasar. Ana yabon doguwar Sharps da nisan harbinta, a wuce da sauri kan cewa da irinta aka ƙarar da miliyoyin ɓaunar da Lakota da Comanche da Cheyenne ke rayuwa a kansu, a wuce kuma kan kisan kiyashin da sojan Amurka suka yi wa Lakota a Wounded Knee a 1890. Na sha tayar da maganar. Wasu su yi shiru, wasu kuma ka tarar sun fi ni sanin ta, sun karanta, sun je wurin.

Waƙa kuwa kashi uku ce, kuma kowane tsoho yana da wadda yake karewa. Ta farko ita ce ta makiyayan kansu. Da dare mutum biyu ke gadin garke, suna kewaya shi a kan doki, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna rera waƙa a hankali don shanu su san muryar mutum ce, kada wani motsi ya firgita su su ɓarke da gudu. Babu kiɗa. Jita ba ta jure tafiyar wata uku a keken abinci, abin da aka fi samu shi ne gogen Turawa ko hamonika ta aljihu, wani lokacin banjo, wanda asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, dangin gurmi da molo, bayi suka kai fasalinsa can. Karin waƙoƙin da dama tsofaffin karin Ingila da Ailan ne aka sauya musu baiti. Wani makiyayi, Jack Thorp, ya tattara wasu ya buga a 1908, John Lomax ya fitar da tarinsa mafi girma a 1910, kuma cikin waɗanda ya ɗauko waƙa a bakinsu akwai baƙaƙen fata da suka yi aikin hanya. Kashi na biyu na rediyo da silima ne, daga shekarun 1930: Gene Autry da Roy Rogers, kaboyi mai riga mai ƙyalli da jita a kan doki. Akwai ma rukuni guda a gasar na masu irin wannan shiga. Marty Robbins, haifaffen Glendale a nan kusa da kai, ya fitar da faifan waƙoƙin 'yan bindiga a 1959, wanda kusan kowa a filin ya haddace. Kashi na uku shi ne fito da jitar lantarki da kake ji a bidiyoyinsu, wanda iyayenmu suka sani daga silimun Kano da Kaduna da Jos. Ennio Morricone ne ya tsara shi, mutumin Rum, don finafinan Sergio Leone na shekarun 1960 da aka ɗauki yawancinsu a Sifaniya.

Idan kana son shiga hirar cikin sauƙi, gaya musu yadda ake jin Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton a motocin haya da rediyoyin Najeriya. Suna mamaki ƙwarai. Sai dai ka shirya, wani zai gyara maka cewa wannan waƙar karkara ce ta Nashville, ba ta kaboyin Yammacin Amurka ba, daga nan kuma a buɗe sabon musu.

Game da komawa, ka koma, kallo ba ya buƙatar komai sai tabarau na kariya da abin toshe kunne. Amma kafin ka taɓa bindiga akwai abin da ya zama dole ka sani. Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shigo da bizar zama na ɗan lokaci, har da ta karatu, riƙe bindiga ko harsashi, sai idan ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma hanyar da aka fi bi ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Mutanen filin masu karamci ne, tun ranar farko wani zai miƙo maka libarbarsa ya ce gwada, kuma da yawansu ba su san wannan dokar ba domin ba ta shafe su. Ka yi godiya ka ce sai ka gama takardu. Ka tambayi ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku ko lauyan shige da fice, bizarka ta fi wasan muhimmanci. Kafin nan akwai aikin da za ka iya yi wanda zai sa a san ka: tayar da farantan da suka faɗi, riƙe takardar maki, sannan idan idonka ya saba, a sa ka cikin masu ƙirga kuskure. Kada ka sayi komai tukuna. Wandon jins da riga mai dogon hannu da takalmin fata da malafa sun isa, ban da hular hana-sallah da takalmin gudu. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ƙurar darma guba ce. Idan aka zuba maka wake a wurin cin abincin rana kuma, ka tambaya tukuna, sau da yawa da naman alade ake dafa shi.